Yadda mai bincike zai samu maƙalolin manyan mujallu ba tare da biyan dala ba

Duk wanda ya taɓa zaman rubuta babi na biyu na kundin digiri ya san inda aiki yake cijewa. Ka gano maƙalar da ta dace da bincikenka, ka karanta tsakurenta, ka latsa domin ka sauke cikakkiyarta, sai shafin ya nemi dala 30 ko 40, wani lokaci fiye da haka, a kan shafi goma sha biyu. Wanda yake buƙatar maƙala tamanin ba zai iya wannan ba, ko da malamin jami'a ne mai albashi. Abin da yakan biyo baya shi ne a riƙa kafa hujja da tsakure kaɗai, ko a kwaso manazartar wani a liƙa ba tare da an ga aikin da ido ba. Masu jarraba kundi suna gane wannan da wuri, kuma ya fi komai raunana bincike.

Alhali kaso mai yawa na waɗannan maƙaloli ana samun su ta halastacciyar hanya, ba a biya ko sisi ba. Hanyoyin uku ne: kwafin da aka riga aka sake kyauta a wani wuri, damar da aka bai wa cibiyar da kake aiki ko karatu a cikinta, sai kuma marubucin maƙalar shi kansa. A bi su a jere haka, domin ta farko mintuna take ɗauka, ta ƙarshe kuwa kwanaki.

Fara da lambar DOI

Kusan kowace maƙala da manyan kamfanonin ɗab'i suka fitar tana da lambar shaida da ake kira DOI. Kullum da 10 da ɗigo take farawa, sai wasu lambobi, sai karkatacciyar sanda, sai ragowar. Tana saman shafin farko ko ƙasansa. Kwafe ta ka ajiye tun kafin ka yi komai. Taken maƙala yana iya yin kama da na wata, ana iya rubuta sunan marubuci iri biyu, amma DOI ɗaya ce tak ga maƙala ɗaya. Idan ka rubuta doi.org, ka sa karkatacciyar sanda, ka liƙa lambar, kai tsaye za ta kai ka shafin maƙalar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo ta tare da ɗigon da ke ƙarshen jimla, sai shafin ya ce bai san ta ba. Goge ɗigon ka sake.

Kwafin da ke zaune a wani wuri

Maƙalar da kamfani ya kulle sau da yawa tana nan a buɗe a rumbun ajiyar jami'ar marubucinta, ko na hukumar da ta ba da kuɗin binciken. Ba satar ta aka yi ba. Cibiyoyin lafiya na ƙasar Amurka, NIH, tun 2008 suka wajabta wa duk wanda ya ci kuɗinsu ya ajiye kwafin maƙalarsa a PubMed Central, rumbunsu na maƙalolin lafiya da ke buɗe ga kowa, kuma hukumomi da yawa a Turai sun bi sahu. Aikin da ya rage shi ne gano inda kwafin yake.

Ga mai kwamfuta, abu mafi sauƙi shi ne Unpaywall. Ƙaramar manhaja ce da ake maƙalawa a burauzar Chrome ko Firefox, kyauta. Da zarar ka buɗe shafin maƙala, wani ɗan kwaɗo zai bayyana a gefen dama na allo. Idan kore ne kuma a buɗe, akwai halastaccen kwafi, latsa shi ya kai ka. Idan ruwan toka ne, bai samu ba. Amma kada a ɗauki ruwan tokan a matsayin hukuncin ƙarshe, domin da DOI yake aiki, kuma akwai rumbunan da bai kai gare su ba. Chrome na waya ba ya karɓar irin wannan manhaja, saboda haka mai waya ya wuce Google Scholar.

A Google Scholar, rubuta cikakken taken maƙalar tsakanin alamun zance biyu. Dubi gefen dama na sakamakon: idan akwai alamar PDF, shi ke nan. Idan babu, ko ka latsa ta ƙi buɗewa, koma ƙarƙashin sakamakon inda aka rubuta All versions da adadinsu. Mutane da yawa ba su taɓa latsa wurin nan ba, alhali nan ne ake jera dukkan wuraren da maƙalar ta bayyana, kuma sau da yawa na huɗu ko na biyar ne yake buɗe. Idan nan ma ba a dace ba, saka taken a CORE na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ko BASE na Jami'ar Bielefeld ta Jamus. Su biyun aikinsu tattaro abin da ke cikin rumbunan jami'o'in duniya.

Sai dai a lura da irin kwafin da aka samu, domin iri uku ne. Akwai rubutun farko da marubuci ya sake kafin masana su tantance shi, irin wanda ake samu a arXiv, bioRxiv, medRxiv da SSRN. Akwai wanda mujalla ta karɓa bayan tantancewa amma ba a yi masa tsarin ɗab'i ba, yawanci yana kama da abin da aka buga a Word. Sai na ƙarshe mai tambarin mujalla da lambobin shafi. Na biyu da na uku abin da ke cikinsu kusan ɗaya ne, babban bambancin lambar shafi ce, saboda haka idan za ka ɗauko magana kai tsaye sai ka nemi lambar shafin ta ainihi. Na farkon ne mai haɗari. Alƙaluma kan canza bayan tantancewa, wani lokaci har sakamakon kansa. Idan shi kaɗai ka samu, kwatanta tsakurensa da na wanda aka buga, kuma ka faɗa a manazarta cewa shi ka karanta.

Research4Life

Research4Life shiri ne da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ake biya; ita ce babbar ƙofa, kuma ita aka fi yin sakaci da ita. Ta faro ne da shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida, domin ma'aikatan lafiya a ƙasashe matalauta su samu mujallun likitanci. A 2003 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo AGORA na harkar noma. OARE na muhalli ya zo a 2006, ARDI na kimiyya da ƙere-ƙere a 2009, sai GOALI na fannin shari'a a 2018. A yau su biyar ɗin suna ƙarƙashin inuwa ɗaya, rajista ɗaya ce take buɗe su duka, kuma cibiyoyi sama da dubu goma a ƙasashe fiye da 120 suna ciki. Elsevier, Springer Nature, Wiley, Taylor & Francis da maɗaba'un jami'o'in Oxford da Cambridge duk suna cikin masu ba da kayansu.

An raba ƙasashe gida biyu. Rukunin A kyauta ne gaba ɗaya. Rukunin B cibiya tana biyan dala 1,500 a shekara, daga Janairu zuwa Disamba, kuma wannan kuɗi na cibiyar ne dukanta, ba na kowane mutum ba. Ana rabon ne bisa ƙarfin tattalin arzikin ƙasa, kuɗin shigar kowane ɗan ƙasa, ma'aunin ci gaban al'umma, da jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya. Nijar, Chadi da Sudan suna cikin wannan jeri, don haka rukunin A suke. Najeriya kuwa girman tattalin arzikinta ya sa a shekarun nan tana rukunin B. Ana sabunta rabon duk shekara, saboda haka a duba shafin shirin kafin a rubuta wa shugabanni takarda.

A farashin dala 30 kowace maƙala, dala 1,500 kuɗin maƙala 50 ne kacal. Jami'a mai ɗaliban babban digiri dubu biyu da ta kasa fitar da wannan, alhali malamanta suna biyan kuɗin maƙala ɗaiɗai daga aljihunsu, tamkar mai rijiya a tsakar gida ne yana sayen ruwan garuwa. Wannan lissafi shi ya kamata a ajiye a gaban kwamitin ɗakin karatu.

Ba a yi wa mutum ɗaya rajista. Cibiyoyi ake yi wa, kuma waɗanda ba na neman riba ba: jami'o'i, kwalejojin koyon aikin lafiya da noma da injiniyanci, cibiyoyin bincike, asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya, ma'aikatun gwamnati, ɗakunan karatu na ƙasa, ofisoshin malaman gona, da ƙungiyoyi masu zaman kansu na cikin gida. A nan akwai abin lura. Makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, kwalejin aikin gona, ma'aikatar lafiya ta jiha, duk sun cancanta, amma da yawa suna zaton abin na jami'a ne kaɗai.

Matakin farko shi ne ka je wurin shugaban ɗakin karatu, ko jami'in da ke kula da sashen intanet na laburare, ka tambaye shi sunan shiga da kalmar sirri ta Research4Life. Ambaci Hinari da AGORA ma, domin wasu tsofaffin ma'aikata da waɗannan sunaye suka san shi. Sau da yawa za a tarar an yi rajistar tun shekaru, wanda ya karɓi kalmar sirrin ya yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya gaje ta. Idan haka ne, kada a sake sabuwar rajista, za a ƙi ta. Shugaban ɗakin karatu ya rubuta wa ofishin taimako na shirin, ya ba da cikakken sunan cibiyar da sunayen sababbin jami'ai, a aiko masa da bayanan shiga. Shafin shirin yana da jerin jami'o'i da kwalejojin da suka yi rajista ƙasa-ƙasa, ana iya dubawa kafin a tashi.

Idan ba a taɓa yi ba, fom ne ake cikewa a intanet. Yana neman sunan cibiya da adireshinta, irin aikinta, da sunaye da imel na shugabanta da na shugaban ɗakin karatu. A sa imel ɗin da ake buɗewa kullum, domin ta nan yarjejeniyar amfani da kalmar sirri za su zo. Sabuwar cibiya a rukunin B tana samun gwajin wata shida kyauta kafin biya. A fara neman amincewar fitar da kuɗin tun watan farko na gwajin. Biyan dala daga asusun hukumar gwamnati yana ɗaukar lokaci, kuma idan gwajin ya ƙare ba a biya ba, abin da zai rage a buɗe kaɗan ne.

Na shiga, amma har yanzu ana neman kuɗi

Wannan shi ne ƙorafin da aka fi ji, kuma dalilansa sanannu ne. Na farko, mutum ya shiga shafin Research4Life, sannan ya buɗe wani shafin dabam ya nemo maƙalar ta Google ya tafi wurin kamfanin kai tsaye. Kamfanin bai san ka ba. Dole ka bi ta cikin shafin shirin: nemi sunan mujallar ko taken maƙalar a can, ka latsa daga can. Yawanci za ka ga kalmar research4life a cikin adireshin da ke saman burauza. Idan ta ɓace, ka fita daga layi, sai ka koma ka sake shigowa.

Na biyu, kowane kamfani yana da ikon zaɓar ƙasashen da zai buɗe wa kayansa. Idan yana ganin zai iya sayar wa jami'o'in wata ƙasa, yakan cire ta. Shi ya sa abin da ke buɗe a Yamai ba lallai ya buɗe a Kano ba. Bayan ka shiga, shafin yana nuna abin da aka ba ƙasarka da wanda ba a ba ta ba. Idan mujalla ba ta cikin rabonku, sake gwadawa ba zai buɗe ta ba, a koma sauran hanyoyi. Haka kuma ana iya ba da mujalla amma daga wata shekara zuwa sama, tsofaffin fitowa ba sa ciki.

Na uku matsalar na'ura ce. Idan VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake, yana kunne, shafin zai gan ka a wata ƙasa ya hana ka. Burauzar da ke matse data ta hanyar bi da kai ta wata ƙasa, irin Opera Mini, ita ma takan jawo haka. Idan aka daɗe ba a taɓa shafin ba yakan fitar da mutum ba tare da sanarwa ba. Kashe VPN, share tarihin burauza, sake shiga da Chrome ko Firefox. Kalmar sirrin kuma tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma idan aka kwafo ta daga saƙo takan zo da ɗan fili a ƙarshe.

Cibiyar da ke da tsayayyen adireshin IP, wato lambar shaidar layinta na intanet, tana iya yi masa rajista, ta yadda duk wanda ke kan intanet ɗin makaranta zai shiga ba tare da kalmar sirri ba. Wannan ya fi tsaro nesa ba kusa ba. Amma ba ya yiwuwa da modem ko datar waya, domin adireshinsu canzawa yake kullum. Sashen kula da kwamfutoci ne zai ba laburare lambobin.

Sai dokoki, waɗanda karya su yana shafar kowa. Kalmar sirri ta ma'aikata da ɗaliban cibiyar ce, a cikin ƙasar. Ba a liƙa ta a Facebook ko a zauren WhatsApp da ya haɗa mutanen makarantu goma, ba a aika wa ɗan'uwa da ke karatu a Malesiya. Ba a sauke fitowar mujalla sukutum ko littafi gaba ɗaya, yarjejeniyar ta iyakance abin da za a ɗauka daga fitowa ɗaya ko littafi ɗaya zuwa kashi 15 cikin ɗari. Ba a sayar da abin da aka sauke. Kamfanonin suna ganin inda ake shigowa da yawan abin da ake kwasa, kuma idan suka ga abin da bai dace ba sai a canza kalmar sirri ko a rufe cibiyar. Mutum ɗaya mai shagon buga takardu a bakin ƙofar makaranta yana iya jawo wa dubban ɗalibai asara.

Yayin da kake laburare, tambayi abin da ke akwai ban da wannan. A Najeriya asusun TETFund yana da dandalin TERAS domin makarantun da yake tallafa wa, a Ghana kuma ɗakunan karatu suna sayen rumbuna a haɗe ta ƙungiyarsu ta CARLIGH. Irin waɗannan ana biya, amma sanarwar ba ta kai wa ga ɗalibi.

Wanda ba shi da cibiya

Akwai wanda ya gama digiri yana jiran aiki, da malamin sakandare, da ɗan jarida, da likita mai asibitin kansa. Ba a rufe musu ƙofa duka ba.

JSTOR, wani babban rumbun mujallun ilimi, yana ba duk wanda ya buɗe asusu na kansa damar karanta wani adadi na maƙaloli a wata kyauta. Karantawa ce a allo, ba saukewa ba, don haka a zauna da littafin rubutu a ɗauki bayani da lambar shafi. Ga masu tarihi, adabi, harshe da nazarin addini, wannan babbar taska ce, domin a nan tsofaffin fitowar Journal of African History, Africa da Journal of the Historical Society of Nigeria suke. Sabbin fitowa na shekarun baya-bayan nan yawanci ba sa ciki. JSTOR yana da shiri na musamman ga cibiyoyin Afirka tun 2006, wanda laburare ne yake nema.

Masu tattalin arziki su sani cewa takardun bincike na NBER, cibiyar binciken tattalin arziki ta Amurka, kyauta ne ga mazauna ƙasashe masu tasowa, kuma yawancin maƙalolin fannin suna da kwafin farko a RePEc ko SSRN. Masu aikin lafiya kuma, duk wani sabon nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, yana buɗewa ga kowa bayan wata 12 da fitowarsa.

Akwai wata hanya da ta dace da masu rubutu a Wikipedia ta Hausa. Ɗakin karatu na Wikipedia yana buɗe rumbuna masu yawa, har da JSTOR, ga editan da ya cika sharuɗɗa huɗu: gyara 500 ko fiye, asusu da ya kai wata shida, gyara goma a cikin kwana 30 da suka wuce, kuma ba a dakatar da shi ba. An yi shi ne domin inganta maƙalolin Wikipedia, saboda haka wanda ya amfana ya mayar da wani abu can.

Inda kowane fanni yake zuwa

Mai binciken lafiya ya nemi abinsa a PubMed, ya kunna matacin Free full text da ke gefen hagu, ya kuma gwada Europe PMC. Mai noma ya duba AGRIS na Hukumar Abinci da Aikin Gona, da rumbunan cibiyoyin da suke aiki a kan amfanin gonarmu: IITA mai hedkwata a Ibadan da tasha a Kano, da ICRISAT mai cibiya a Sadore kusa da Yamai. Ayyukansu a kan wake, gero, dawa da gyaɗa da yawa a buɗe suke. Mai fannin ilimi ya je ERIC. Masu lissafi, fiziks da kimiyyar kwamfuta kuwa tun 1991 suke da arXiv. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jeri ne na mujallun da suke buɗe gaba ɗaya, kuma sai an tantance mujalla ake sa ta.

Wani abu da masu bincike a Najeriya suke asararsa shi ne rumbunan Faransanci. Cibiyar IRD ta Faransa, wadda a da ake kira ORSTOM, ta shafe shekaru tana nazarin ƙasar noma, ruwan sama, rijiyoyi da makiyaya a Nijar da yankin Tafkin Chadi, kuma ta zuba rahotannin a rumbunta mai suna Horizon, kyauta. Persée yana ɗauke da tsofaffin fitowar Cahiers d'études africaines da Journal des africanistes, inda akwai nazarce-nazarce a kan Hausawan Maraɗi, Damagaram da Adar. Ga kuma HAL da OpenEdition, da Agritrop na cibiyar CIRAD. Wanda ke binciken zaizayar ƙasa a Daura ko kasuwancin kan iyaka a Jibiya, bai duba abin da aka rubuta a ɗaya gefen iyakar ba, ya bar rabin aikin.

Binciken da aka yi a gida kuwa manyan rumbunan Turai ba su cika ɗauke da shi ba. Wurinsa AJOL ne, wato African Journals Online, wanda aka fara a 1998 kuma yanzu yake Afirka ta Kudu, da ɗaruruwan mujallun Afirka, na Najeriya suka fi yawa. Bayero Journal of Pure and Applied Sciences da Sokoto Journal of Veterinary Sciences duk suna can. Akasarinsu a buɗe suke, kaɗan ne ake biya. Kundayen digiri kuma a nemi rumbun jami'a, irin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello. Mujallun sassan Hausa da Larabci da yawa har yanzu a takarda kawai suke, waɗannan sai an taka zuwa sashen.

Rubuta wa marubucin

Marubucin maƙala ba ya samun ko kwabo daga dala 40 ɗin da kamfani yake karɓa. Abin da yake so shi ne a karanta aikinsa a ambace shi, don haka yawancinsu suna murna da irin wannan roƙo. Kamfanonin ma sun ba su hanya: Elsevier yana ba marubuci mahaɗin da ke buɗe maƙala kyauta na kwana 50, Taylor & Francis yana ba shi kwafi 50 na rabawa, Springer Nature kuma yana da mahaɗin karatu mai suna SharedIt.

A shafin maƙalar, nemi sunan da aka yi wa alamar tauraro ko ambulan, shi ne mai karɓar saƙo, kuma adireshinsa a buɗe yake ko da maƙalar a kulle take. Sa taken maƙalar a kan saƙon. Jimla uku ko huɗu sun isa: sunanka da inda kake, abin da kake bincike a kai, cewa laburarenku ba shi da mujallar, da roƙon kwafi. Kada ka haɗa da neman gurbin karatu ko tallafi a saƙon farko, wannan ne yake sa a ƙi amsawa. Idan maƙalar ta tsufa, mai yiwuwa ya canza wurin aiki, sai ka nemi sabuwar maƙalarsa ka ɗauki adireshin da ke kanta. Bayan mako biyu ba amsa, rubuta wa marubuci na farko, wanda sau da yawa ɗalibin digiri na uku ne kuma ya fi farfesansa lokacin duba saƙo. Imel ya fi maɓallin roƙo na ResearchGate, dandalin masu bincike, tasiri, domin mutane da yawa sun buɗe asusu a can sun manta da shi.

Za a ce ga Sci-Hub, shafin da ke raba maƙaloli kyauta ba da izinin kamfanonin ɗab'i ba. Gaskiya ne mutane suna amfani da shi, kuma tsadar da ta haife shi zalunci ce. Amma ba halastacce ba ne, wata kotu a New York ta umarce shi ya biya diyyar dala miliyan 15 a 2017, tun wajen 2021 kusan ya daina ƙara sababbin maƙaloli, kuma akwai shafukan bogi da yawa da suke amfani da sunansa. Abin da ya fi muhimmanci, kada ka taɓa shigar da kalmar sirrin cibiyarku a wani shafi da ya yi alkawarin buɗe maka mujallu.

Ajiye abin da ka samu

Wahalar nema takan tashi a banza idan fayiloli suka taru da sunaye irin na lambobi a waya, wayar kuma ta lalace. Zotero manhaja ce ta kyauta da ke ajiye maƙala da bayananta, ta kuma tsara manazarta a Word da salon APA ko wani. Liƙa mata DOI ta ciko sunan marubuci, shekara da shafi da kanta. Idan ka zaɓi maƙaloli da yawa ka latsa dama, tana iya nemo maka buɗaɗɗen kwafin kowace a lokaci guda. Wurin ajiyarta na kyauta a intanet megabait 300 ne, yana cika da wuri. Kashe aika fayilolin PDF, ka bar bayanan kawai suna tafiya, waɗannan ba su da iyaka, sannan ka riƙa kwafe fayilolin a filasha duk mako. Tana kuma yi wa maƙalar da mujalla ta janye jar alama, abin da zai hana ka gina hujja a kan aikin da aka riga aka soke. Inda intanet ke da tsada, tara lambobin DOI a cikin mako, ka sauke su gaba ɗaya ranar da ka shiga makaranta.

Idan lokacin buga naka ya zo

Mujallu masu buɗewa da yawa marubuci suke caja, wani lokaci dala dubu biyu ko uku. Kamfanoni da dama suna amfani da rabon Research4Life wajen yafewa: marubutan rukunin A a yafe musu duka, na rukunin B a rage musu, sau da yawa rabi. A nemi yafewar a lokacin miƙa maƙala, domin bayan an karɓe ta da wuya a saurare ka. A karanta sharaɗin da kyau, wasu ƙasar mai karɓar saƙo kawai suke dubawa, wasu kuma sai dukkan marubutan sun fito daga ƙasashen da suka cancanta. A DOAJ akwai matacin da ke ware mujallun da ba sa karɓar komai, kuma su ne suka fi yawa a jerin. Mujallar da ta aiko maka da gayyata ta imel, ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda, a nemi sunanta a DOAJ ko AJOL kafin a aika mata da komai.

Idan kuma mujallar da ka zaɓa ta masu biyan kuɗin karatu ce, ba sai ka biya don a buɗe maƙalarka ba. Ajiye kwafin Word na ƙarshe da aka karɓa, domin shi yawancin kamfanoni suke yarda a sake. Saka sunan mujallar a Open Policy Finder, wanda a da ake kira Sherpa Romeo, ka ga wata nawa za ka jira da kuma inda aka yarda ka ajiye. Idan wa'adin ya cika, ɗora shi a rumbun jami'arku, ko a Zenodo idan ba ku da rumbu, ka rubuta DOI ɗin maƙalar a wurin da aka tanada domin masu nema su haɗa kwafin da asalinsa.